Mijina soja ne, katin albashinsa kuma yana hannun yayansa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce mai shekara 25, ina zaune a wani gari cikin jihar Katsina. Maigidana kofur ne a rundunar sojan ƙasa. Bataliyarsu tana Jos, amma tun kafin mu cika shekara da aure aka tura shi Borno, kuma har yau yana can, sai dai ya zo fas na 'yan kwanaki ya koma. Allah Ya ba mu ɗiya ɗaya, shekararta biyu. Ina zaune a gidansu tare da mahaifiyarsa da yayansa da iyalin yayan.

Tun kafin aurenmu katin albashinsa yake hannun yayan, shi ke cirewa ya yi cefanen gida gaba ɗaya, ni kuwa ko kuɗin sabulu sai na aika an roƙar mini. Kwanan baya yarinyar ta yi zazzaɓi mai zafi, sai da na sayar da ɗan kunnena kafin na kai ta asibiti. Na kuma ji cewa har yanzu sunan yayan ne a takardunsa na aiki, ban sani ba ko an rubuta ni da yarinyar.

Zuwansa na ƙarshe ya fi tayar mini da hankali. Ba ya barci, ƙofa ta buga sai ya zabura, kukan yarinya ma ba ya iya jurewa. Wani dare cikin barci ya damƙi wuyana, da ya farka ya yi ta ba ni haƙuri yana hawaye. Ya ce zai nema mana ɗaki a barikin Jos, amma Hajiya ta ce ba da yawunta ba, wai matan bariki ba su da kamun kai. Iyayena sun ce in dawo gida har ya gama aikin Borno, wata ƙawata kuma ta ce in nemi takardata tun ina da sauran ƙuruciya. Ni dai ina son mijina, amma na gaji. Ina mafita?

Wata baiwar Allah, daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Na karanta wasiƙarki a natse, kuma ina so ki fara da sanin cewa gajiyar da kika ambata ba rashin haƙuri ba ce, ba kuma abin jin kunya ba ce. Malamai sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi, sai ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin mijinta, daga nan ya ƙayyade cewa kada a riƙe mayaƙi nesa da iyalinsa fiye da wata huɗu, a wata ruwayar kuma shida. Ke kin daɗe da wuce wannan iyaka, kuma kin wuce ta da goyo a bayanki, a gidan da ba ki da ikon tukunyarki. Duk wanda ya ce miki ai haka matar soja ta gada, ki yi shiru kawai, bai yi miki adalci ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata mu rarrabe tun da wuri. Zaman maigidanki a Borno ba a hannunsa yake ba. Sojan da ke cikin aikin Haɗin Kai, wato yaƙin da sojoji ke yi da Boko Haram a arewa maso gabas, wanda kafin 2021 ake kira Lafiya Dole, ba shi ke zaɓen ranar da za a sauya shi ba, kuma barin bakin aiki ba tare da izini ba, laifi ne da ke kai mutum kotun soja. Saboda haka kada ki ɗora masa alhakin nisan. Amma katin albashi da takardun aiki da wurin zamanki da lafiyarsa, waɗannan huɗun duk a hannunsa suke, kuma yawancinsu ana iya gyara su cikin fas guda idan an shirya. A ganina ba aikin soja ne ya jefa ki a wannan hali ba. Maigidanki ya yi aure, amma ya bar al'amuransa yadda ya tsara su tun yana saurayi, lokacin da ya fito daga horo a Zariya ba shi da kowa sai mahaifiyarsa da yayansa. Wannan ne ya sa ba zan goyi bayan shawarar ƙawarki a yanzu ba, domin ba a yanke hukunci a kan aure tun ba a gwada gyara abin da ke gyaruwa ba.

Zan fara da abin da kika ambata daga baya, domin shi ne ya fi gaggawa. Rashin barci, da zabura idan ƙofa ta buga, da ƙosawa da kukan yaro, da mugun mafarkin da ke sa mutum ya kai hannu bai sani ba, alamomi ne da likitoci suka sani sarai a wurin mutanen da suka daɗe a fagen daga. Jikinsa ya saba da cewa duk wani motsi na dare yana iya zama ajali, kuma jiki ba ya mance wannan don kawai an shigo mota an iso gida. Ba ƙinki yake yi ba, hawayen da ya zubar a daren ma sun shaida hakan. Amma hawaye ba magani ba ne, kuma hannun da ya damƙi wuyanki cikin barci yana iya damƙar na 'yar shekara biyu. Don haka idan ya sake zuwa, kada yarinyar ta kwana a shimfiɗa ɗaya da shi. Idan kika ga yana fama cikin barci kada ki taɓa shi ko ki sunkuya a kansa, ki ja baya ki kira sunansa daga nesa, ki kunna fitila, har ya gane inda yake. Idan abin ya maimaitu, ku raba shimfiɗa na ɗan lokaci, ki kuma bayyana masa dalili da rana cikin taushin murya don kada ya ɗauka gudunsa kike yi.

Bayan haka dole ya ga likita, kuma a nan ne za ki sha wuya, domin sojoji da yawa suna tsoron a ce sun karaya ko a yi musu kallon masu taɓin hankali. Kada ki ce masa ba shi da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki ce masa rashin barcin nan yana cin jikinsa, kina so ya faɗa wa likitan bataliyarsu. Daga can ana iya tura shi gaba, akwai babban asibitin sojoji na 44 a Kaduna, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, idan ya fi son ya je inda abokan aikinsa ba za su gan shi ba. Addu'a da azkar na kwanciya barci ku riƙe su da kyau, amma a haɗa su da asibiti. Ki kuma lura ko yana shan wani abu don ya samu barci ko ya kori gajiya, domin ƙwayoyi irin su taramol suna ƙara dagula irin wannan hali, kuma likita yana bukatar ya sani. Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba. Idan ya taɓa ɗaga miki hannu idonsa biyu, ko ya yi miki barazana da makami, ki ɗauki 'yarki ki tafi gidan iyayenki a ranar, a yi sauran maganar daga can.

Yanzu batun kuɗi. Ba na so ki ɗauki yayan mijinki a matsayin abokin gaba tun ba ki tabbatar ba. Mai yiwuwa shi ya yi ta fafutuka har ƙanensa ya samu shiga soja, kuma shekara da shekaru da wannan albashi ake ciyar da Hajiya. A idonsa amana yake riƙewa, kuma duk ranar da aka ce ya miƙa kati zai ji kamar an tuhume shi. Wannan uzuri ne da ya kamata a yi la'akari da shi wajen zaɓen kalmomi, amma ba ya soke haƙƙinki. Ci da sha da sutura da wurin kwana wajibi ne a kan miji kai tsaye, kuma matar da ta sayar da ɗan kunnenta don kai 'yar soja asibiti alhali albashin uban yana shiga duk wata, an tauye ta. Akwai hadisi ingantacce a cikin Muslim da ke cewa alfarmar matan waɗanda suka fita yaƙi a kan waɗanda suka zauna gida kamar alfarmar uwayensu ce. Wanda aka bar wa iyalin mayaƙi nauyi babba ya ɗauka, kuma ya dace wani dattijo ya tuna masa da hakan.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar rigimar kati gaba ɗaya. Ki buɗe asusun banki da sunanki, da lambarki ta BVN da ta ɗan ƙasa. Idan maigida ya zo, ya shiga bankinsa ya ba da umarni a rubuce cewa duk wata, da zarar albashi ya shiga, a tura wani kaso da kuka amince a kai zuwa asusunki. Bankuna suna yin wannan, kuma da an tsara shi ba ya bukatar waya ko intanet daga dajin Borno. Kason Hajiya ya ci gaba da bi ta hannun yaya kamar yadda aka saba, sauran kuma ya zauna a hannun mai shi. Ta haka ba a kunyata kowa ba, ke kuma kin daina aike. Daga cikin naki ki riƙa ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, wanda ba a taɓawa sai don asibiti. Maganar kuma daga bakin maigida za ta fito, a matsayin tsarin da ya yi wa gidansa. Idan ta fito daga bakinki, kafin la'asar an ce matar ƙane ta zo raba 'yan'uwa.

Batun takardu mutane ba sa son tayar da shi saboda yana kama da fatan mutuwa, amma duk matar soja da ta yi sakaci da shi tana iya yin nadama a ranar da nadama ba ta da amfani. Kowane soja yana rubuta sunan makusancin da hukuma za ta nema idan wani abu ya same shi, kuma da yake maigidanki ya shiga aiki yana saurayi, ba abin mamaki ba ne ya rubuta yayansa. Ana iya sauya wannan ta ofishin bataliyarsa. Abin da za ki roƙe shi shi ne ya kai shaidar aurenku da takardar haihuwar yarinyar, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, a shigar da ku cikin fayil ɗinsa. Idan ba ku da takardar aure, ana samunta a kotun shari'a tare da waliyyi da shaidu. Amfanin wannan ba sai an mutu ba. Da shi ne ake neman ɗakin iyali a bariki, da shi ne kuma ake sa mata da 'ya'ya cikin inshorar lafiya ta sojoji, wadda da kina cikinta da wataƙila ɗan kunnenki yana kunnenki. Ki ajiye kwafin komai a wurinki, tare da lambarsa ta aiki da sunan bataliyarsa da lambar wayar wani abokin aikinsa da ya yarda da shi.

Idan ya ji nauyin cire sunan yayansa, ki kwantar masa da hankali da cewa sunan da ke takarda ba shi ke raba gado ba. Wanda aka rubuta wakili ne kawai da zai karɓa, rabo kuwa na shari'a ne. A halin da kuke ciki yanzu, Allah Ya kiyaye, ɗiyarku tana da rabi, ke kina da tumuni, Hajiya tana da sudusi, abin da ya rage ya tafi ga mahaifinsa in yana raye, in ba ya raye ga 'yan'uwansa. Ba wanda sa sunanki zai hana haƙƙinsa. Abin da ake gudu shi ne a wayi gari hukuma ba ta san da ke ba, sai abin da aka ga dama aka miƙo miki.

Sai maganar Hajiya da bariki. Ina roƙonki ki dubi tsohuwar nan da idon rahama. Ita ma duk dare da fargaba take kwana, kuma jikar nan da ke yawo a tsakar gida ita ce abin da ya rage mata na ɗanta da take iya taɓawa. Idan ta ce matan bariki ba su da kamun kai, rabin maganar tsoron rabuwa da ku ne. Hukuncin nata dai bai yi daidai ba. Bariki unguwa ce mai doka, akwai masallaci da limamin soja, akwai makarantun 'ya'yan sojoji da asibiti da kasuwar mami inda mata ke sana'a, akwai magajiya da ke sauraron koken mata ta kai gaba, akwai kuma ƙungiyar matan sojoji. Babbar fa'idarsa ita ce za ki zauna cikin matan da mazajensu ke wuri ɗaya da naki, labari na gaskiya yana riskarsu kafin ya riski kowa. Wahalarsa kuma ita ce ɗakunan ƙananan sojoji ƙanana ne, sau da yawa ana tarayya a famfo da makewayi da mutanen da yare da addini da ɗabi'a suka bambanta, kuma ɗakin na hukuma ne, yana tafiya da aikin.

Shari'a ta ba ki haƙƙin matsuguni na kanki gwargwadon ƙarfin mijinki, don haka neman fita daga gidan gandu ba rashin kunya ba ne. Duk da haka, ni ban ga hikimar ki tare a barikin Rukuba da ke Jos yanzu ba, alhali shi yana Borno, ba ki san kowa a Jos ba, ga ƙaramar yarinya, ga lafiyarsa ba a duba ba. Shawarata ita ce ya shigar da neman ɗakin tun yanzu, domin ana jira kafin a samu, ku tare idan an dawo da su Jos ko an sauya shi. Kafin nan akwai hanya biyu. Ko dai ki zauna inda kike amma a raba tukunya, kuɗinki yana shigo miki, ki ga ko zaman zai yi sauƙi. Ko kuma ki koma gidan iyayenki da izininsa, a bayyane, shi da kansa ya sanar da Hajiya, ki riƙa kai mata jikarta duk Juma'a tana yini. Abin da ba na so shi ne ki kwashe kaya cikin fushi, domin wannan yaji ne, kuma yaji yana bukatar biko, mai bikon kuwa ba ya gari. Idan aka bar irin wannan a hannun dangi biyu wata da watanni, ƙaramar magana sai ta zama gaba. Ni na fi karkata ga ki gwada ta farko na wata biyu ko uku bayan an gyara batun kuɗi, in ba ta yi ba ki bi ta biyu ba tare da jin kin yi laifi ba.

Kada ki zube masa duk waɗannan a waya. Mutumin da ya hau tudu yana neman sabis don ya ji muryar 'yarsa na minti biyar ba zai iya warware rikicin gida daga can ba, sai dai ya koma bakin aiki da zuciya biyu, wanda haɗari ne gare shi. A waya ki gaya masa abu ɗaya, cewa akwai muhimman abubuwa da kike so ku zauna a kansu idan ya zo, ya ware kwana ɗaya na banki da takardu. Idan ya iso ki bar shi ya huta kwana biyu tukuna. Ki sanar da mahaifinki komai, har da abin da ya faru da dare, domin shi ne waliyyinki, kuma ya fi kyau shi da wani kawu ko baffan maigida da Hajiya ke jin nauyinsa su zauna a kan batun matsuguni. Kai ƙara wurin kwamandansa ko limamin bariki hanya ce da ke nan, kuma hukumar soja tana sauraron koken matan da aka bari ba ciyarwa, amma ki ajiye ta a matsayin ta ƙarshe, domin tana iya shafar aikinsa, kuma mijinki bai nuna ya ƙi gyara ba.

Idan kwana da kwanaki suka wuce wayarsa ba ta shiga, kada ki yanke wa kanki mummunan hukunci. A yankuna da yawa na Borno an lalata turakun sadarwa, ke ma kin ga yadda aka katse layuka a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina a 2021, mutane suna lafiya amma ba a jin su. Ki guji bin hotuna da jita-jitar Facebook da WhatsApp duk lokacin da aka ce an kai hari, kuma kada ki taɓa rubuta inda yake ko ranar da zai taso, ko ki sa hotonsa da kaki, saboda tsaronsa da naki. Ki kuma nemi abin yi na kanki, ɗinki ne ko saƙa ko komawa makaranta, domin jiran waya daga safe zuwa dare yana cinye mutum, kuma sana'ar da kika koya yanzu za ta bi ki duk barikin da aka kai ku.

Ban rufe miki ƙofar da ƙawarki ta nuna ba har abada. Idan ya zo fas, aka yi masa bayani a gaban manya, ya ƙi ware miki ciyarwa, ya ƙi shigar da ku a takarda, ya kuma ƙi ganin likita alhali kina kwana cikin tsoro, to wannan cutarwa ce, kuma alƙali yana da ikon sauraronki a kanta. Amma mutumin da ya farka yana hawaye, wanda da kansa ya fara kawo maganar nema muku ɗaki, ina kyautata zaton zai saurare ki. Tun kafin ya zo ki je ki buɗe asusun, ki karɓo takardar haihuwar yarinyar, ki kuma samu mahaifinki ku yi magana a wannan makon. Allah Ya ba shi lafiya, Ya dawo muku da shi cikin aminci, Ya raya muku ɗiyarku. Ki sake rubuto mini bayan zuwansa in ji yadda kuka yi.